SAWUN DA HAMAD BAI KAI ƘARSHE BA

Shafi na 19

Da sunan Allah. Masu turo min saƙo tun ban shafa addu'ar asuba ba, na gani. Ga shi nan. A karanta da natsuwa, kuma a daina zagin Awadiyya a ƙasan rubutu, sa'ar iyayenku ce.

Ƙarfe uku saura Wijdan ta sauka daga mikrobas a bakin layinsu na unguwar Hay el-Sabi', a Alƙahira. Ba lokacin tashinta ba ne. Ofishin shirya tafiye-tafiye da take wa aiki a Wustul Balad sai biyar ake rufe shi, amma tun hantsi ta ce wa abokiyar aikinta Samah ta riƙe mata teburi, ta fice. Asibitin ido na Abbasiya ta fara zuwa. Daga can sai gida.

A jakarta akwai fasfon mahaifinta, da takardar likita, da kwalaben maganin ɗigawa a ido guda huɗu, ko ɗaya ba a ɓare bakinta ba. Da safe ta ci karo da su tana neman fasfon. A can ƙasan akwatinsa suke, naɗe cikin tsohon kakinsa na aikin gandun daji.

Wata biyar ta yi tana ɗinka tafiyar nan, ita da shi su biyu. Kwana uku kacal a wani gandu na tsakiyar Indiya, fita huɗu a buɗaɗɗiyar mota tare da jagora, don tsohon ya ga damisar can, mai ratsin baƙi a kan ja. Biza ta fito. Jirgi ranar Asabar.

Takardar likita kuwa ta ce tiyata ranar Lahadi.

Tun daga matakala ƙamshin jabana, gahawar mutanen Sudan, ya tare ta. Ta tura ƙofa. Mahaifiyarta Awadiyya na zaune a ƙasa tana dakan gahawa a ɗan turminta. Hamad na kujerarsa ta jikin taga, inda yake zama kullum, da wani farin abu a cinyarsa yana shafawa.

Kafin ta yi sallama ya ce, “Bitti, yau da wuri haka? Kuma kin sauya takalmi.”

Bitti yake ce mata, wato 'yata, irin na mutanen Sudan. Da can in ya gane ta daga takun ƙafa dariya take yi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin sawun namun daji a gandun Dindir, kunne da ido su ne jarinsa. Har cewa ake yi Hamad na hango kaska a kunnen ɓauna daga tsallaken fadama.

Yau ba ta yi dariya ba.

Ta gaishe su, ta ajiye jaka, ta durƙusa gefen kujerarsa.

“Yaba, jagoran nan ya turo sabon hoto. Wadda suka gani jiya a bakin ruwa.”

Ta sa masa wayar a hannu. Ba ta kunna ta ba. Fuskar wayar baƙa ƙirin.

Hamad ya ɗaga ta, ya matso da ita, ya ɗan karkata kai.

“Masha Allah,” ya ce. “Mace ce.”

“Haka ne?”

“Dubi kafaɗar mana. Namiji ya fi haka faɗi. Kuma wannan ba ta daɗe da haihuwa ba, cikinta ya saki.”

“Ruwan fa, Yaba? Da yawa?”

“Ya ja baya. Ga taɓo nan duk a baki. Lokacin zafi ke nan, dole ta sauko.”

Ƙarar turmi ta tsaya.

Wijdan ta dubi baƙar fuskar wayar.

“Yaba, wayar a kashe take.”

Babu wanda ya motsa. A ƙasa mai sayar da tukunyar gas yana ta buga ƙarfensa yana wucewa, har sautin ya ɓace.

Hamad ya ɗora wayar a hannun kujera a hankali, daidai inda ya san akwai katako.

“Tarko kika ɗana wa ubanki.”

“Kai ka koya min.”

“Na koya miki ɗana wa mugun dawa mai ɓarnar gona.”

Ta jawo jakar, ta fito da kwalaben, ta jera su a kan ɗan teburin gabansa. Da gangan take dire kowace da ƙarfi don ya ji. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

“Daga wurin Dakta Munzir nake.”

Awadiyya ta sunkuyar da kai, ta ja gefen tob ɗinta, lulluɓin matan Sudan, ta rufe baki.

“Ya ce tun kafin azumi kuka je. Hawan jinin ido. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ake kokawar ceto. Ya ba ka magani ka riƙa ɗigawa sau uku a rana. Yaba, ga su nan a rufe yadda suka fito daga kanti.”

“Na buɗe ɗaya. Ta farko. Ba ta cikin waɗannan.”

“To me ya hana ka ci gaba?”

“Azumi ya shigo.”

“Sai aka yi yaya?”

“In na ɗiga, ina jin ɗacinsa a maƙogwaro. Abin da ya sauka maƙogwaro da rana tsaka a watan Ramadan, ke me sunansa a wurinki?”

Wijdan ta dafe kai.

“Ko bayan an sha ruwa ba ka ɗiga ba?”

“Likita cewa ya yi safe, rana, yamma. Na ce in ba zan yi yadda aka ce ba, gara in ajiye sai bayan Sallah in kama shi da kyau. Ni ba na rabin aiki.”

“Bayan Sallar fa?”

“Na ɗora shidan Shawwal.”

“Bayan shidan fa, Yaba?”

Yatsansa na bin gefen farin abin da ke cinyarsa.

“Bayan shidan na ɗauko kwalbar,” ya ce, “na nemi bakinta ban gani ba.”

Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu da zafin rai.

“Gidan nan cike yake da ɗaliban ilimi. Hawa na biyu su ne, hawa na uku su ne. Kullum kuna sahu ɗaya a masallaci. Ka tambayi ko mutum ɗaya?”

“In tambayi wanda na girmi ubansa yadda ake azumi?”

“Da ka tambaya da yanzu kana gani.”

“Ki iya bakinki.”

Ta juya kan mahaifiyarta.

“Yumma, ke kika raka shi asibitin.”

Awadiyya ba ta ɗago ba.

“Shi ya sa kika hana ni gusar da kujera ko taku ɗaya. Shi ya sa kofinsa kullum a gefen dama, hannun kofin na kallonsa. In zai fita sai ki yi tari a bakin ƙofa. Ni ina ta sayo miki maganin tari.”

“Ke 'yar nan, ki yi a hankali, maƙwabta na ji.”

Wijdan ce 'yar fari, kuma ita kaɗai Allah ya bar musu. Tun da aka haife ta Awadiyya ba ta taɓa kama sunanta ba, don kunya irin ta mutanen da. Daga “ke” sai “'yar nan”.

“Su ji. Wata uku, Yumma. Ina fita da safe ina dawowa da yamma ina karanta muku tsarin tafiya. Mota ƙarfe biyar da rabi, a sa kaya masu launin ƙasa, kada a yi magana da ƙarfi, kada a sa turare. Yana gyaɗa kai, kina gyaɗa kai. Ashe ni kaɗai ce makauniya a gidan.”

“Rantsuwa ya sa ni.”

“Da me?”

“Da Alƙur'ani a hannuna.” Muryar Awadiyya ta karye. “Shekara talatin da shida ban taɓa yi masa ƙarya ba, ban taɓa fasa masa alkawari ba. Ya kike so in yi?”

“Ki bar uwarki,” in ji Hamad. “Ni ne mai laifin, ga ni. Faɗi abin da likitan ya ce, kuma ki faɗe shi duka.”

Wijdan ta buɗe takardar, ko da yake ta haddace ta a mikrobas.

“Ya ce abin da ya rage a na dama ɗan kaɗan ne. In an yi tiyata ranar Lahadi, ana sa ran a riƙe shi. In aka ƙara sati biyu, ba ya ɗaukar alkawarin komai. Sau uku suna kira, kana cewa kun yi tafiya.”

“Bayan tiyatar fa?”

“Wata biyu babu ƙura, babu jijjigar mota.”

“Wata biyu daga yau, gandun na buɗe?”

Ta sauke takardar. Ita ta faɗa masa da bakinta tun farko: damina na sauka ake rufe gandun, sai Oktoba.

“Na tambaye ki.”

“A rufe yake.”

“Tamam. Saura abu ɗaya da kika tsallake. Ya ce tiyatar ma kanta tana iya tafiya da ɗan abin da ya rage. Ko bai ce ba?”

“Ya ce ba kasafai ba.”

“Amma ya ce.”

“Ya ce.”

Hamad ya gyara zama, ya juya fuskarsa wajen hasken taga.

“Bari in faɗa miki abin da nake da shi, tunda kin zo bincike. A ɗaki ba ni da komai, duhu ne da inuwa. Amma a fili, in rana ta take, akwai 'yar ƙofa kamar mai leƙe ta cikin karan dawa. In abu ya tsaya cak, ina kama shi. Shekaranjiya na ga jan bokitin matar can a barandarta. Ja sosai. Na daɗe ina kallonsa.”

“To shi nake so a ceto.”

“A ceto shi in yi me da shi? In kalli bokiti?”

“Ka kalle ni.”

“Fuskarki na haddace ta tun ranar suna. Ko an tone min idon duka tana nan.”

“Yumma fa?”

“Ita ai gara ma kada in ga yadda na tsofar da ita.”

Awadiyya ta yi wata 'yar dariya da ta koma kuka.

Ya ɗaga farin abin nan da hannu biyu. Sawun damisa ne da aka zuba da jibis, irin farar ƙasar da ake ɗaure karaya da ita. Faɗinsa ya fi tafin hannun namiji, gefe ɗaya ya ɗan gutsure, tsakiyarsa ya yi santsi don shafa. Wani likitan dabbobi Ba'indiye da ya taɓa aiki da su a Dindir ne ya ba shi. Ya ce a ƙasarsu in masu gandu sun ga sawu sai su kwaɓa jibis su zuba, ya bushe su ɗauke, don kowace damisa da irin takunta.

Ranar da yaƙi ya iso garinsu, kowa jaka ɗaya aka ce ya ɗauka. Hamad ya bar madubin hangen nesansa, ya bar takardun yabo da aka ba shi, ya ɗauki wannan.

“Na ce masa ya ɗauki bargo,” in ji Awadiyya tana jan hanci, “ya ɗauko dutse.”

“Na bi zaki,” Hamad ya ce. “Na bi ɓauna, na bi gwanki, na bi kura har raminta. Babu sawun da na taɓa ɗauka ban ga mai shi ba. A aikinmu, in ka ɗauki sawu, ko dai ka kai shi ƙarshe, ko ka dawo ka nuna wa na bayanka inda ka tsaya ya ɗora. Ni wa zan nuna wa? Waɗanda na koya wa aiki, wasu na sansanin gudun hijira, wasu na ƙarƙashin ƙasa. Dajin ma ban san abin da ya saura a cikinsa ba. Wannan kaɗai ya rage a hannuna, shekara ashirin da biyu. Na san nauyinta, na san tana ɗan jan ƙafar baya. Ban taɓa ganin irinta ba.”

“Yaba, ita wannan ta mutu tuntuni.”

“Jikokinta na nan.”

“Kuma babu tabbas za mu gani. Jagoran da kansa ya rubuto. Wasu fita shida suke yi su dawo daga barewa sai biri.”

“Waɗannan ba su da ni a motar.”

“In ta fito a guje fa? In ta tsaya a inuwa? Ka ce sai abu ya tsaya cak a rana.”

“Sai in ji warinta. Sai in ji birai na tsegumi a kanta. In ce wa direba ya kashe mota, mu jira.”

“Mu dawo kuma ka shiga duhu har ƙarshen rayuwarka.”

“Duhun nan zuwa zai yi, Bitti, da tiyata ko babu. Ni dai so nake in zaɓi abin da zan shiga da shi.”

Wayar ta yi ƙara a hannun kujera. Wijdan ta ɗauka. Samah ce.

“Ke ina kika shiga? Mutanen Indiya sun sake turowa. Sun ce kujerun motar da sunan fasfo ake yanka su, ba a sauya rana, ba a sauya suna. Zuwa ƙarfe huɗu namu in ba ki tabbatar ba, akwai wasu a layi. Na turo miki saƙon. Kore ki tabbatar, ja ki soke. Yalla, maza ki danna mu huta.”

“Na ji.”

“Lafiya kuwa? Muryarki...”

“Ma'alish, yi haƙuri, zan kira ki.”

Ta kashe. Agogon wayar ya nuna huɗu saura minti tara.

Hamad ya ji komai. Kunnen da ke jin takun gada a busasshen ganye ba muryar Samah ce za ta wuce shi ba.

“Danna koren,” ya ce.

“Ba zan iya ba.”

“Ke kika zo min da maganar tafiyar nan. Ni ban roƙe ki ba. Kika ce Yaba, tun da kuka zo Alƙahira ba ka yi dariya ba, me kake so a duniya? Na faɗa miki.”

“Lokacin ban sani ba.”

“Yanzu kin sani, kuma amsata ba ta sauya ba.”

“In na danna, ni na makantar da kai.”

“In kika soke, kin mayar da ni kayan ɗaki. A ɗaga ni a kai asibiti, a ɗaga ni a dawo da ni, a ajiye jikin taga.”

“Malam,” in ji Awadiyya a hankali, “ka ji tausayin yarinyar nan.”

“Tausayinta nake ji. Shi ya sa ba zan bar ta ta ɗauki nauyin ba.” Ya ajiye sawun jibis ɗin a kan teburi, ya goge hannu a jallabiyarsa. “Khalas, shi ke nan. Idona ne, ni zan danna da kaina. Gobe kada wani ya ce ke ce. Kawo wayar.”

Wijdan ba ta motsa ba.

“Ban taɓa ɗaga miki murya ba tun kina ƙarama. Kada ki sa in fara yau.”

Ta buɗe saƙon. Hoton damisa a sama, kwance a kan dutse tana hamma. A ƙasa sunayensu biyu da lambobin fasfo. A ƙasan wannan kuma gida biyu gefe da gefe, kore da ja.

Ta riƙe wayar a gabansa. Ya miƙo manuniyarsa, ta tsaya a iska tana lalube.

“Kama yatsan,” ya ce. “Ɗora min a kan koren. Dannawar tawa ce.”

Awadiyya ta taso daga gaban turmi. Ba ta iya karatun boko ba, ko harafi ɗaya, amma ta san launi. Ta zo ta tsaya a bayan kujerar mijinta, ta leƙo.

“Wijdan,” ta ce.

Shekara ashirin da tara, yau Wijdan ta fara jin sunanta a bakin uwarta. Ta ɗago. Awadiyya ido kawai ta zuba mata.

Wijdan ta kama yatsan mahaifinta. Busasshe ne, mai kaushi, da tsohon tabon ƙaya a gefe. Da wannan yatsan ya riƙa nuna mata sawu a bakin kogi tana 'yar shekara shida, yana cewa wannan ta wuce da asuba, wannan tana ɗingishi, wannan tsoro ne ya kore ta.

Ta ja shi a hankali. Ta wuce koren. Ta tsayar da shi daidai saman jan, saura ƙiris ya taɓa.

Huɗu saura minti uku.

“Ga shi nan, Yaba.”

Hamad bai danna ba. Ya karkata kai, irin yadda yake yi a daji in iska ta juya.

“Hannunki ya yi sanyi,” ya ce. “Kuma kin ɗauke numfashi.”

“Kuka na sha.”

“Wane launi ne a ƙarƙashin yatsana?”

Wijdan ta dubi mahaifiyarta.

“Kore ne, Malam,” in ji Awadiyya daga bayansa, muryarta ko rawa babu. “Ga shi ina gani. Danna.”

Hamad ya kai ɗaya hannun baya, ya lalubo hannun matarsa a kan kujera, ya dafa shi.

“Na ji taki, Awadiyya.”

Yatsansa na nan a iska, bai matsa gaba ba, bai janye ba. Ya juyo da idanun nan nasa daidai fuskar 'yarsa, kamar yana ganinta.

“Bitti. Ke na tambaya.”